Likita ba ya sauke karatu: darasin Jazira kan koyo daga majiyyaci

Likitan da ya gama makaranta a Sudan a ƙarshen shekarun 1990 ya fito ne da kulorokwin a bakin alƙalaminsa: duk wanda ya zo da zazzaɓin cizon sauro, shi za a rubuta masa. A 2004 ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta ajiye kulorokwin saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma haɗin atesunet da fansida. A 2017 wannan ma aka sauke shi, aka ɗauki wanda mutane suka fi sani da Coartem. A tsakanin nan, a 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani, allurar atesunet ta fi kwinin ceton ransa. Cuta ɗaya ke nan, wadda ta fi kowace cika ɗakin jiran likita a Jazira, amma abin da aka koya masa a kanta ya sāke sau uku kafin furfura ta fito masa. To ta wace hanya sabon sani yake isa ga likitan da ke zaune shi kaɗai a cibiyar lafiya a bakin magudanar ruwa a Managil, ko a Mai Wurno, ko a wani ƙauyen masunta kusa da Rusairis?

Hanyar da aka saba kowa ya san ta. A tara likitoci a babban ɗakin otal, farfesa ya tsaya awa guda yana haska rubutu a bango, a ci abinci, a sa hannu a takardar halarta, a karɓi shaida, wani lokaci har da ɗan alawus. A Najeriya hukumar da ke ba likitoci lasisi ta ɗaure sabunta lasisi da tara maki daga irin waɗannan taruka, kuma ƙasashe da dama haka suke yi. Makin yana auna zama a kujera ne, ba ya auna abin da likita ya yi da majiyyaci ranar Litinin ta gaba. A 1999 Dave Davis da abokan aikinsa a Kanada sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan wannan, suka tarar lakca zalla da ƙyar take sauya yadda likita yake aiki, amma zaman da ake sa shi ya yi magana ya gwada hannunsa yana iya sauyawa. Wani nazarin na 2005 ya zo da abin da bai yi wa manya daɗi ba: a fiye da rabin binciken da aka duba, ingancin aikin likita raguwa yake yi gwargwadon daɗewarsa da barin makaranta. A 2006 Davis ya sake nuna cewa likitoci ba su iya auna kansu da kyau ba, kuma sau da yawa wanda ya fi rauni shi ya fi sakankancewa. Ke nan barin likita ya zaɓi abin da zai karanta bisa jin kansa ma bai wadatar ba.

Daga nan hanyoyi biyu suka samu shiga, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce koyo ta hanyar warware matsala. A ba ƙaramin rukuni, mutum shida zuwa goma, labarin wani majiyyaci ba tare da an yi musu darasi a kai ba. Su zauna su fayyace abin da ba su gane ba, su faɗi abin da suke zato, su rubuta abin da ya kamata su nemo, su watse kowa ya yi bincike, su dawo bayan kwanaki su haɗa abin da suka samo. Malami yana nan, amma aikinsa tambaya ne, ba ba da amsa ba. Ta biyu ita ce koyo daga labarin majiyyaci tare da jagora: mahalarta sun riga sun yi ɗan shiri, jagoran ya san inda za a je, yana buɗe labarin gaɓa gaɓa, in an kauce ya dawo da su, kuma ana tashi da matsaya a zama ɗaya.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malamin fiƙihu ba ya tsayawa a kan ƙa'ida, sai ya ce: mutum ne ya mutu ya bar mata biyu da 'ya'ya mata uku da ɗan'uwa li'abbi, yaya za a raba? Ɗalibi ya lissafa, ya yi kuskure, a gyara masa a gaban 'yan'uwansa, kuma wannan mas'ala ba za ta sake ɓace masa ba. A likitanci ma abin ya daɗe. Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya bar labaran majiyyatansa a rubuce, da alamominsu da abin da ya yi musu da yadda ta kaya. Amma tsarin zamani na gina dukan manhaja a kan matsala ya fara ne a Jami'ar McMaster ta Kanada a 1969, Howard Barrows ya zama babban mai yaɗa shi, Jami'ar Maastricht ta Holan ta ɗauka a 1974 ta tsara masa matakai bakwai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Wad Madani tana cikin 'yan sahun gaba. An kafa Jami'ar Jazira a garin a 1975, tsangayarta ta likitanci ta karɓi ɗaliban farko a 1978, shekarar da aka yi taron Alma-Ata kan kiwon lafiya matakin farko. Shugaban tsangayar na farko, Farfesa Bashir Hamad, da abokan aikinsa sun ƙi kwafo manhajar Hartum, wadda ta gaji makarantar Kitchener ta 1924 da tsarin Ingila. Suka gina karatun a kan matsalolin lafiyar da suka fi damun yankin, suka riƙa tura ɗalibai ƙauyuka su zauna, su gano abin da ke damun mutane, su gwada magancewa tare da su, su dawo daga baya su duba ko an samu sauyi. A 1979, da aka kafa ƙungiyar makarantun likitanci masu fuskantar al'umma da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya, Jazira tana cikin waɗanda suka kafa ta. Jami'ar Mashigin Suwes ta Masar da ta Ilori a Najeriya sun bi irin wannan turba a kusan lokaci guda.

Ba a banza abin ya yi tsiro a can ba. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ruwa ya kwanta a dubban magudanai, sauro da dodon koɗi suka samu gida. Zazzaɓi da tsargiya da gudawa suka yi katutu har aka kafa wani shiri na musamman na shekara goma a 1979 domin yaƙarsu a Jazira da Managil da Rahad. Kuma cikin waɗanda suka fi shiga ruwan nan da ƙafarsu akwai mutanenmu Hausawa. Wasu jikokin alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno a bakin kogin Nilul Azrak yake ɗauke da sunansa, wasu kuma aikin tsinkar auduga ya kawo su. Da yawa sun zauna a matsugunan ma'aikatan gona da ake kira kambo, a gefen magudanai, inda sau da yawa babu famfo, babu asibiti, domin hukuma ba ta lissafa su cikin ƙauyuka. Wasu suka bi kogi sama suna su da noman bakin ruwa har Damazin.

Bari mu ga yadda zama ɗaya yake tafiya, domin a nan bambancin yake. A ce an kawo manomi ɗan shekara 40 daga kambo da daddare a watan Agusta, ya yi aman jini sau biyu, idonsa ya yi fari, saifarsa ta kumbura har ana jin ta a ƙasan haƙarƙari. Lakca za ta jera sanadin aman jini guda goma kamar yadda suke a littafi, ta fara da gyambon ciki. Rukunin likitocin Jazira kuwa, da jin sana'arsa da inda yake zaune, sun san inda za su fara: tsargiyar hanji. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a hanta shekara da shekaru, tabo ya taru a kewayen jijiyoyin jininta, jini ya rasa hanya ya koma baya, saifa ta girma, jijiyoyin maƙoshi su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe. Wannan sashen kowa zai iya karantawa. Tambayoyin da jagora zai jefa su ne karatun. Babu ma'ajiyar jini a cibiyarka, me za ka yi cikin minti talatin na farko? Ruwa nawa za ka ɗaura, kuma yaushe yawan ruwan zai koma cuta? Damina ce, baƙar laka ta Jazira ta tare hanya, za ka riƙe shi zuwa safiya ko za ka sa a ɗauke shi a tarakta zuwa kwalta? In ya rayu ya dawo daga Wad Madani, wa zai tabbatar yana shan maganin da ke rage matsin jijiyoyin? Sannan tambayar da lakca ba ta cika kaiwa gare ta ba: yara nawa ne suke wanka a magudanar da ya kwashi cutar, kuma yaushe rabon a raba musu furazikwantel? Wani a cikin rukunin zai ce shi ya taɓa riƙe irin wannan har safiya ya rasa shi. Wata za ta ce ita ta tura nata, ya cika a hanya. Ba a littafi ake samun wannan ba, kuma wanda ya zauna a wurin ba zai koma cibiyarsa yadda ya fito ba.

Sai dai kada daɗin labari ya sa mu wuce abin da hujja ta nuna, domin masu son wannan hanya sukan yi mata kirarin da ya fi ta. A 2002 Smits da abokansa a Holan sun nemi gwaje-gwajen da suka kwatanta warware matsala da sauran hanyoyi a karatun likitoci masu aiki, shida kacal suka samu. Hujjar cewa ta ƙara sani ko ta gyara aiki ko ta amfani majiyyata ba ta da ƙarfi. Abin da ya fi fitowa shi ne likitoci sun fi jin daɗinta. Babban nazarin Cochrane na 2009, wanda ya haɗa gwaji 81, ya tarar tarukan ilimi gaba ɗaya suna ƙara bin ƙa'idar aiki da kusan kashi 6 cikin ɗari, ba juyin juya hali ba. Kuma abin da ya fi tasiri ba tattaunawa zalla ba ce, ba lakca zalla ba ce, haɗin biyun ne. A Kalifoniya makarantu biyu sun bar warware matsala suka koma ga labarin majiyyaci mai jagora, da aka tambayi ɗalibai a binciken da ya fito a 2007, kashi 89 cikin ɗari suka zaɓi na biyun, domin ya fi rage yawo a duhu. A ganina wannan ya fi zama gaskiya ga likitan ƙauye. Ɗalibi yana da mako guda da ɗakin karatu. Wanda mutum sittin suke jiransa a ƙarƙashin rumfa ba shi da lokacin da za a ce masa je ka nemo, yana bukatar a fara da majiyyacinsa, a bar shi ya faɗi tunaninsa, sannan wanda ya fi shi sani ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce.

Jazira ta gwada wannan da girma. A 2010 jami'ar da ma'aikatar lafiya ta jihar suka buɗe shirin likitancin iyali: digiri na biyu na shekara biyu, amma ba a cire likita daga aiki a kai shi babban asibiti ba, a cibiyar lafiyarsa yake karatun. Likitoci fiye da 200 suka shiga a karon farko, aka raba su a cibiyoyin birni da karkara, kuma da yawa daga cikin cibiyoyin ba su taɓa samun likita ba sai lokacin. Aka ba su kwamfutoci da intanet, da rajistar majiyyata ta na'ura, da hanyar tuntuɓar ƙwararru daga nesa idan abu ya cije. Masu bincike daga Jami'ar Bergen ta Norwe sun bi diddigin shirin tare da takwarorinsu na Sudan. Muhimmin abu a nan shi ne labarin da ake koyo a kai ba ƙirƙirarsa aka yi a ofis ba, mutumin da ke zaune a gaban likita ne. Irin wannan tunani ne ya haifi shirin ECHO, wanda Sanjeev Arora ya fara a jihar New Mexico ta Amurka a 2003: ƙwararru a birni, likitocin karkara a kan allo, kowane mako su kawo majiyyatansu a tattauna, a ɗora da gajeren darasi. A 2011 aka wallafa cewa masu ciwon hanta nau'in C da likitocin karkara suka yi wa magani ta wannan hanya sun warke daidai da waɗanda aka duba a asibitin jami'a, kusan kashi 58 cikin ɗari a kowane ɓangare.

Yanzu ga inda ƙauyen Hausawa yake shigowa, kuma shi ne abin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Labarin majiyyaci ba ya rubuta kansa. Wani ne yake zaɓar abin da zai shiga da abin da za a bari, kuma abin da bai ji ba ba zai rubuta ba. Magidanci Bahaushe a Sudan yana jin Larabci sarai, amma kakar da ta goyo jariri zuwa asibiti ta fi sakewa da Hausa, kuma ita ce ta san yaushe ciwon ya fara da abin da aka ba yaron a gida. In likita ya rubuta "zazzaɓi kwana uku" alhali an yi mako biyu ana jiƙa saiwa, rukunin zai yi muhawara mai kyau a kan labarin da ba shi ne ya faru ba. Yaron da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura yana kuka, a cikin al'ummar da amosanin jini yake da yawa, bai kamata a sallame shi da maganin zazzaɓi karo na huɗu ba. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani tare da kumburin saifa, ga mutumin da ya je aikin gona Gadarif, sai a tuna da kala'azar. Ƙullutun da ke ƙafar manomi ba ya zafi, yana fitar da wasu ƙwayoyi baƙaƙe, shi ne ciwon da ake kira nabit, wanda Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa wa cibiyar bincike a Hartum a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Mutane sukan daɗe a hannun masu maganin gargajiya kafin su zo, lokacin da yanke ƙafa ya rage. Dalilin jinkirin, ko kuɗin mota ne, ko tsoron wuƙa, ko wulaƙancin da aka taɓa yi musu a bakin taga, shi ma ɓangaren cutar ne, kuma wurinsa cikin labarin.

Akwai ma sanin da yake can gida wanda zai amfani likitan Sinnar. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da wankan jego da kunun kanwa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a faɗin Najeriya ya fi karkata ga rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Likitan da zai duba maijego Bahaushiya mai haki da kumburin ƙafa yana bukatar labarin biyu, na da da na yanzu, kafin ya ɗora wa al'ada laifi ko ya wanke ta.

Hanyar tana da nata haɗurra. Rukunin da ba shi da masani a ciki yakan juya kuskure ɗaya har ya zama al'ada. Ƙaramin likita ba zai ce na yi kuskure ba a gaban babban da zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa, sai an yi alkawari a fili cewa abin da aka faɗa a zaman ba zai bi kowa ofis ba. A ƙauye kowa ya san kowa, cire suna bai isa ya ɓoye mace ba in an ambaci shekarunta da sana'ar mijinta. Sannan likitoci ba sa daɗewa: da yawa suna yin shekara biyu ko uku su wuce Saudiyya ko Ailan. Waɗanda suke zama su ne mataimakin likita da ungozoma da mai gwajin jini, kuma su ne suka fi yiwuwa su zama 'yan gari masu jin harshen mutane. Zaman da aka keɓe wa masu digiri kaɗai ya bar waɗanda suka san rabin labarin a waje.

Duk wannan kafin yaƙi ne. A Yulin 2022 da Oktoban shekarar rikicin ƙabilanci a jihar Nilul Azrak ya ci ɗaruruwan rayuka, ya raba dubban Hausawa da gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojoji da dakarun RSF, a Disamba RSF suka kama Wad Madani, jami'a da asibitoci suka watse, aka wawashe kaya. Garin Sinja ya faɗa hannunsu a tsakiyar 2024, kwalara ta biyo baya, a watan Fabrairun shekarar kuma an yanke sadarwa a mafi yawan ƙasar. Sojoji sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, kuma a kwanakin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton hare-hare kan mazauna kambo. Likitan da ya rage a irin wannan hali yana ganin raunin harsashi da tamowa da kwalara da firgici, abubuwan da ba su ya yi shirin gani ba, kuma babu farfesan da zai zo ya yi masa lakca. Likitocin Sudan mazauna ƙetare sun riƙa gudanar da zaman tattauna majiyyata ta intanet tun lokacin korona, suka ci gaba bayan ɓarkewar yaƙi. Inda allo bai samu ba, saƙon murya ta WhatsApp da hoton ƙafar majiyyaci, bayan neman izininsa, sun tsaya a madadinsa.

Idan aka zo sake gini, kuɗin horarwa za su zo, kuma mafi sauƙin hanyar kashe su ita ce bita ta kwana uku a otal. Kira na ga Jami'ar Jazira da ma'aikatun lafiya na Jazira da Sinnar da Nilul Azrak shi ne su mayar da kuɗin ga zama na awa ɗaya kowane mako biyu a matakin ƙaramar hukuma, da jagoran da aka horar, da majiyyatan cibiyoyin kansu, da rajistar da za a duba bayan wata uku a ga ko an sauya wani abu, kuma a lissafa wannan cikin makin lasisi. Ku kuma 'ya'yan Hausawan Sudan da kuka zama likitoci da ungozomomi da mataimakan likita, da takwarorinku na Kano da Zariya da Maradi, ku zauna ku rubuta labaran majiyyatan ƙauyukanku da Larabci da Hausa, ku sa abin da kaka ta faɗa da kuɗin motar da aka rasa, ku miƙa su ga masu tsara karatun tun kafin a rufe manhaja.